Daga Tambuwal Zuwa Bankok: Abin Da Muka Ci Da Abin Da Muka Bari

 

Babu wani gida a Tambuwal ko Kebbe da bai san sunan ƙasar Tailan ba, ko da kuwa mai gidan bai iya nuna inda ta ke a taswira. Buhun shinkafa ne ya kawo mana sunanta. Tun zamanin da kuɗin man fetur suka yawaita aka fara barin 'yar Hausa ana neman 'yar gwamnati, har ya zama uwar biki ba ta jin ta fita kunya sai ta sauke 'yar Tailan. Mun ga lokacin da Babban Banki ya hana masu shigo da shinkafa kuɗin waje a 2015, mun ga rufe iyaka a watan Agusta 2019, da buɗe ta Illela a watan Disamba 2020. Duk wannan ɗawainiya a kan abincin wata ƙasa ce da yawancinmu ba mu san addinin mutanenta ba, balle yadda su ke girki.

To, a ƙarshen watan Shawwal 1445, watau farkon Mayu 2024, Allah ya ƙaddara mana zuwa can don a duba mana ido. Abokin tafiyarmu wani Alhaji ne ɗan kasuwa, tsohon almajirinmu, wanda ya saba zuwa sarin takalma da kayan yara. Abin da muka gani a wajen cin abinci shi ne mu ke so mu bayar da labarinsa, domin mun san 'yan kasuwarmu da ma'aikatan da ake turawa kwas ƙasashen waje suna haɗuwa da irinsa, kuma sau da yawa babu wanda za su tambaya.

HANYA DA MASAUKI

Muka bar Tambuwal da asuba a mota, muka kwana Kano, muka shiga jirgin Habasha zuwa Adis Ababa, daga nan kuma sai Bankok, babban birnin ƙasar. Agogonsu yana gaba da namu da awa 6. Abu na farko da ya ba mu mamaki shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa mai salla ya fuskanci gabas, sai ga mu a ɗakin salla na filin jirgin sama muna fuskantar yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, domin Makka ta koma bayan faɗuwar rana. Matafiyi ya lura da wannan, kada al'ada ta sa ya ba Ka'aba baya.

Ƙasar dai da can sunanta Siyam, sai a 1939 aka sake mata suna. Fiye da kashi 90 cikin 100 na mutanenta mabiya addinin Budda ne. Musulmi kuwa wajen kashi 5 ne cikin 100 bisa ƙidayar hukuma, kuma sun fi yawa a kudu, a lardunan Fatani da Yala da Naratiwat da Satun. Mazhabar Shafi'i su ke bi. Mutanen Fatani suna rubuta harshensu na Malayu da baƙaƙen Larabci kamar yadda mu ke rubuta ajami, kuma suna da makarantun da su ke kira fondok, masu kama da makarantunmu na zaure. Babban malaminsu, Shaihu Dawuda ɗan Abdullahi Alfaɗani, ya zauna Makka yana wallafa littattafai, ya rasu a 1847, shekara 10 bayan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ashe lokacin da Buhari ɗan Shehu ya ke zaune a ribaɗin Tambuwal, can ma a ƙarshen duniya akwai masu irin wannan aiki na karantarwa.

Allah ya haɗa mu da wani saurayi Bafatane wanda ya yi karatu a Madina, shi ne tafintan Alhaji. Da Larabci muka riƙa magana da shi, kuma ba don shi ba da yawancin abin da za mu faɗa a nan bai samu ba.

GAYYATAR MAI MASANA'ANTA

A rana ta uku mai masana'antar da Alhaji ya ke saye a wurinsa ya gayyace mu cin abincin dare. Mutum ne mai ladabi, mabiyin Budda, kuma a shekarar nan ne ya yarda zai ba Alhaji kaya bashi a karo na farko. Sabo da haka tun a mota Alhaji ya matso kusa da mu ya ce, “Allah gafarta Malam, don Allah a yi haƙuri da abin da aka gani. Mutanen nan ba su son a kunyata su, kuma cinikina na bana yana hannunsa.” Muka ce masa, “Alhaji, kwantar da hankalinka. Shari'a ba ta ce mu wulakanta mai masauki ba. Amma abin da za mu sa a cikinmu, sai mun tambaya.”

Gidan abincin yana saman wani dogon bene a bakin kogin Cawo Faraya, wanda ya ratsa birnin. Irin na zamani ne ƙwarai. Bangonsa gilashi ne, mai zaune yana hangen jiragen ruwa da fitilunsu suna kai da kawowa, na'urar sanyaya ɗaki kuwa har ta sa muka yafa rawani a kafaɗa. Ɗakin girkin ma gilashi ne ya raba shi da masu ci, ana ganin kukun da yaransa cikin fararen kaya, wuta tana tashi ƙarƙashin manyan kasake masu zurfi. Masu hidima suka tarbe mu da gaisuwarsu ta haɗa tafin hannu biyu a sunkuyar da kai. Tafintanmu ya ɗora hannunsa na dama a ƙirji ya yi murmushi, muka yi koyi da shi, kuma ba mu ga wanda ya ji haushi ba.

Muna zama sai aka kawo takardar jerin abinci mai hotuna, aka kuma jera kofunan gilashi masu dogon wuya, wani yaro ya taho da kwalba naɗe cikin farin ƙyalle. Nan ne mas'ala ta farko ta taso. Tirmizi ya ruwaito hadisi daga Jabiru wanda ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Muka roƙi tafinta ya gaya wa mai gayyatarmu cewa mun gode da karamcinsa, amma addininmu ya hana mu zama tare da wannan kwalba, in ya yarda a kawo wa kowa ruwan 'ya'yan itace. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Mutumin ya yi dariya, ya ce su ma a cikin dokoki biyar na addininsu akwai barin abin da ke sa maye, sai dai mutane ba su kiyayewa. Ya sa aka kwashe kofunan, aka kawo ɗanyar kwakwa an fasa kanta an sa tsinken zuƙa.

ABIN DA KE CIKIN KASKO

Mas'ala ta biyu ita ce nama. Naman alade yana da yawa a girkin mutanen nan, kuma wani lokaci da kitsensa ake suya, ko a sa romon ƙashinsa a miyar da ba a ambaci sunansa a cikinta ba. A harshensu alade sunansa “mu”, kaza kuwa “kai”, kifi “fla”. Alhaji ya ce tun da ya ke bai taɓa jin inda “mu” ya zama haram “kai” ya zama abin tambaya ba sai a Bankok. Ga mai zuwa can, in ya ce “mai kin mu” ya gaya musu ba ya cin alade.

Amma barin alade kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne muka ga 'yan'uwanmu da yawa suna kuskure. Mun ji 'yan kasuwa a masaukinmu suna cewa ai kaza kaza ce, a yi bisimilla a ci. Hujjarsu hadisin Nana A'isha ne da ke cikin Buhari, inda aka tambayi Manzon Allah game da naman da wasu mutane ke kawowa ba a san ko sun ambaci sunan Allah ba, ya yi umarni a ambata a ci. To, a cikin hadisin kansa an bayyana cewa mutanen nan sababbin shiga Musulunci ne. Watau yankan Musulmi ne, an kyautata masa zato. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kuwa ta halatta mana abincin waɗanda aka bai wa Littafi, Yahudu da Nasara. Mabiyin Budda ba ya cikin waɗannan, sabo da haka yankansa bai halatta ba a mazhabobin nan huɗu, kamar yadda yankan Majusu bai halatta ba, kuma bisimillar mai ci ba ta mayar da mushe yankakke. Muka sa aka tambayi kuku daga ina kajinsa da naman shanunsa su ke. Ya ce daga kasuwa, bai san mai yankawa ba. Sai muka bar su gaba ɗaya.

Sauƙin da Allah ya yi mana yana cikin ruwa. Aya ta 96 ta wannan sura ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma a cikin Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo hadisin Abu Huraira mai nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, abin da ya mutu a cikinsa halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya duk dabbar ruwa ana ci ba tare da yanka ba, ko wane ne ya kamo ta: kifi, da jatan lande, da ƙaguwa, da sauransu. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi, shi ya sa za ka ga ɗan Pakistan yana ƙin abin da kai ya halatta gare ka. Kada a yi masa inkari, shi ma kada ya yi maka.

Mas'ala ta uku kasko ne. Abu Sa'alaba Alhushani ya tambayi Manzon Allah game da tukwanen mutanen da ba Musulmi ba, aka ba shi amsa cewa in akwai wasu a yi amfani da su, in babu a wanke a ci a ciki. Da ya ke ɗakin girkin a fili ya ke, mun ga da idonmu an wanke kasko da ludayi da ruwa, an zuba man gyaɗa daga sabuwar kwalba. Muka kuma roƙa kada a sa romon da aka riga aka dafa, kada a ɗiga giyar shinkafa da wasu kukai ke ɗigawa a suya. Kukun ya ce ya saba da baƙi Larabawa, ya san wannan duka.

Saura abu ɗaya da ya tsaya wa Alhaji a rai, watau wani ruwa ja-ja mai ƙarfin wari da su ke kira nam fla, wanda kusan babu girkin da ba a sa shi. Ya ɗauka giya ce. Tafinta ya bayyana mana yadda ake yin sa: ƙananan kifin teku ake jerawa da gishiri mai yawa a manyan randuna, a rufe wajen shekara guda, sa'an nan a tace ruwan. Ba ya sa maye ko an sha kwalba. Matsayinsa a wurinsu kamar matsayin daddawa ne a wurinmu, wadda ita ma sai an rufe kalwa ta yi kwanaki kafin ta yi daɗin miya, kuma baƙo yakan toshe hanci in ya fara jin ta. Malamanmu na Masar sun tattauna irin wannan a kan gishirtaccen kifinsu da ake kira fasihi, sabo da jinin da ke fita daga kifin in an danne shi. Wasu sun ƙi, amma Shaihu Sawi ya naƙalto daga malaminsa Shaihu Dardiri cewa shi yana ganin tsarkinsa. A kan wannan muka dogara muka ci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, babu laifi a kansa.

CIN ABINCIN

Al'adarsu a jera kwanonin miya a tsakiya kowa ya ɗiba, kowa kuma da farantin shinkafarsa. Ba su sa cokali mai yatsu a baki. Da shi ake tura abinci cikin cokali, cokalin kuwa yana hannun dama, sabo da haka sunnar ci da dama ba ta yi mana wuya ba.

Aka fara kawo tom yam kung, romon jatan lande mai tsami da yaji, wanda aka dafa da ciyawar lemo irin wadda mu ke sa wa shayi, da wani saiwa ɗan'uwan citta, da ganyen lemo, da barkono, aka matse lemon tsami a kai. Mu da muka tashi da yajin Sakkwato mun ɗauka babu barkonon da zai ba mu tsoro, amma cokali uku muka yi muka nemi ruwan kwakwa. Wannan romo ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024. Sai som tam, ɗanyen gwanda da aka kankare siriri aka ɗan daddaka a turmi da barkono da gyaɗa da lemon tsami da sukarin giginyarsu. Duk wanda ya san kwaɗon rama ko na zogale zai gane danginsa ne. Sa'an nan babban kifi guda da aka turara da tafarnuwa da lemo, aka kawo shi yana tafasa a kan ɗan murhu. Daga ƙarshe aka kawo mangwaro nunanne da shinkafa mai danƙo da aka jiƙa da madarar kwakwa.

Shinkafar ita ce ta fi ba mu abin tunani. Fara ce mai taushi mai ƙamshi, sunanta hom mali, kuma ba ta yi kama da 'yar Tailan da muka sani ba ko kaɗan. Mai gayyatarmu ya ce wadda ake kai mana gumi ce, watau wadda aka turara da ɓawonta kafin a sussuka, kuma su ba su cika cin ta ba, don kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa ake yin ta. Muka tuna matan Kebbe da Jega da suka gāji yin gumi tun kaka da kakanni, da shinkafar fadamunmu da ake rainawa sabo da tsakuwa. Abin da ya raba tamu da tasu injin tsincewa ne da tsabtar buhu, kuma tun da aka buɗe manyan injina a Birnin Kebbi da Argungu wannan rata ta ragu.

Da aka tashi, mai masana'antar ya ce wa tafinta ya ji daɗin zama da mutanen da suka san abin da su ke ci da dalilinsa. Alhaji ya sami kayansa bisa sharaɗin da aka yi tun farko. A mota ya ce, “Malam, shekara 9 ina zuwa garin nan, ban taɓa tambaya ba, kunya na ke ji.” Muka ce ya nemi gafarar Allah a kan abin da ya wuce cikin rashin sani, ya kiyaye gaba.

DAREN JUMMA'A A BANG RAK

Ranar Jumma'a muka yi salla a masallacin Haruna da ke unguwar Bang Rak, tsohon masallaci a cikin lungu kusa da kogi. Da dare mu kuma muka gayyaci mai masana'antar zuwa wani gidan abinci na Musulmi, shi ma na zamani, amma a ƙofarsa akwai tambari mai kusurwa huɗu da kalmar halal da Larabci a tsakiya. A nan muka ci abin da muka bari shekaranjiya, watau massaman, miyar naman sa da madarar kwakwa da dankalin Turawa da gyaɗa da tsamiya da kirfa da kanumfari. Masana sun ce sunanta daga kalmar Musulmi ya samo asali, kuma wasu suna danganta ta da fataken Farisa da suka zauna tsohon birnin Ayutaya a ƙarni na 17.

Wannan tambari ba kowa ke manna shi yadda ya ga dama ba. Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙasar, wadda dokar 1997 ta tsara aikinta a ƙarƙashin Shaihul Islam, ita ke bayar da shi tare da kwamitocin larduna, bayan an duba mayanka da ɗakin girki da kayan haɗi. Har ila yau a Jami'ar Culalonkon akwai cibiyar binciken halal da aka kafa a 2004, inda ake gwada abinci da na'ura a gano ko akwai ɓurɓushin alade ko giya a ciki. Mutanen da ba su wuce kashi 5 cikin 100 ba su ne suka tsaya har hukumar ƙasarsu ta yarda da wannan tsari, kuma kamfanonin waɗanda ba Musulmi ba suna neman tambarin don su sayar da kayansu a ƙasashen Musulmi.

DA MUKA KOMO GIDA

Mun dawo Tambuwal muna duban kantunanmu da wani ido. A nan mahauci ɗan'uwanmu ne, mun san shi mun san ubansa, don haka ba mu saba tambaya ba, kuma daidai ne kada a tsananta bincike a kasuwar Musulmi. Sai dai yau ba duk abin da ke cikin kanti ne ya fito daga hannun mahaucin garinmu ba. Akwai kajin ƙanƙara da hukuma ta daɗe da hana shigowa da su amma ana satar hanya da su, ba a san wanda ya yanka ba. Akwai naman gwangwani, da alewar yara mai danƙo wadda wani lokaci da sinadarin fata da ƙashin dabba ake yin ta. Ɗan kasuwar da ya saro irin waɗannan ya sayar wa Musulmi, amana ce a wuyansa ya karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, ko ya sa a karanta masa. Muna kuma kira ga malamai da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumominmu su haɗa kai a kan duba mayanka da kayan da ake shigowa da su.

Ga mai tafiya kuwa, ko Bankok za shi, ko wani babban otel a Ikko ko Abuja, tambayoyinsa huɗu ne: wa ya yanka naman, da wane mai aka soya, an sa giya ko romon alade, an wanke kaskon? In ya sami amsa ya ci ya gode wa Allah, kada ya bar wasuwasi ya hana shi abin da aka halatta masa. In bai samu ba, ga kifi, ga ƙwai, ga shinkafa da ganye da 'ya'yan itace. Ya yi tambayarsa da sakin fuska tun kafin a kawo abinci, domin mayar da kwano bayan an ajiye shi ne ke ɓata ran mai masauki.

Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu daga haram da abin da ke da shubuha, ya mai da matafiyanmu gida lafiya. Allah shi ne mafi sani.